Kafin Ki Wuce Dogon Daji

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Assalamu alaikum, Asma'u, Uwata. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ko da yake tsakanin ɗakina da naki bai fi taku goma ba. Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya kai ki Kaduna lafiya jibi Alhamis, ya sanya albarka a aikin da kika samu, ya haɗa ki da mutanen kirki a can.

Kin san ba na kiran sunanki, tunda sunan mahaifiyata ne. Yau na rubuta shi don ki san ba wasa ya kawo ni ba. Na koma ga takarda ne kuma saboda sau uku ina zama in yi miki magana, sau uku kina ce mini kina ji, alhali idonki na kan waya, ɗan yatsanki na ta gudu. Ba ki ji komai ba. Na tambaye ki abin da na ce, kika ce wai na ce ki kula da salla. To, ki kula da salla, amma ba shi na ce ba.

Ke da hannunki kika sa ni cikin zauren nan naku na waya bara, lokacin da kuke neman tsofaffi su karanta muku jimloli, don manhajar da kuke haɗawa ta riƙa karanta wa mutum saƙonsa da murya in bai iya boko ba. Na karanta muku har muryata ta dushe. Ke kin manta ina ciki, ni kuwa ban fita ba, don tsohon malamin firamare ba shi da aikin da ya wuce karanta abin da ba a ce ya karanta ba. Ina nan aka yi zaɓe. Mutanen da ke aikin nan don Allah, daga Kano da Zariya da Maraɗi, har da likitan nan da ke ƙasar Turawa, suka haɗu suka ce ke suke so ki shugabance su shekara guda. Ranar na sa aka yanka zakara, na bi maƙwabta ina ba da labari har suka gaji da ni.

Ina nan kuma na ga abin da ya biyo baya. Kika yi mako bakwai ba ki ce musu uffan ba. Da kika buɗe baki, layi uku ne cikin Turanci, ba sallama ba gaisuwa, cewa an yanke shawarar cire sashen da ke sa manhajar aiki a kan ƙananan tsofaffin wayoyi ba tare da data ba. Sashen nan kuwa Bello ne ya rubuta shi, mai gyaran waya a Dogon Daji, magidanci mai 'ya'ya, wanda ya koya wa kansa wannan aiki tsakanin zuwan masu kawo gyara, ya shafe shekara biyu a kai. A zaure ya gani kamar kowa. Mutane suka fara magana, wasu da zafi, sai kika kulle zauren, ke da mataimakanki kaɗai ke iya rubutu. Kafin ki kulle, Bello ya samu ya rubuta cewa ranar Juma'a zai sauka, ya gode wa kowa. Mutum biyar sun ce in ya tafi su ma sun tafi. Ke kuwa tun shekaranjiya kina ta naɗe zannuwa kamar ba abin da ya faru, haushi kamar ya kashe ni.

Na kai ƙara wurin mahaifiyarki, ta ce in daina tada jijiyar wuya, halina ne kika kwaso kaf. Na yi fushi da ita wuni guda, don ta faɗi gaskiya. Shi ya sa zan ba ki labarin da ban taɓa ba ki ba.

Kafin a haife ki, ina koyarwa a wani ƙauye a ƙasar Kebbe. Suna da ƙungiyar aikin gayya, manoma da makiyayan da ke sauka a gonakinsu bayan girbi. Su ke gyara hanya in ruwa ya cinye ta, su suka haƙa rijiyar garin. Ba mai tilasta wa kowa, wanda ya ga dama ya zo da fartanyarsa. Wata rana a gindin tsamiya aka ce a zaɓi shugaba, aka ɗaga mini hannu saboda ni na iya rubuta wasiƙa zuwa ofis. Wanda ya fara ɗaga hannu Ardo Buba ne, babban makiyayan, mutumin da ya girme ni nesa amma ya ɗauke ni aboki. A gonar makaranta yake sauka da shanunsa. Kusan kullum sai ya aiko mini da nono, in na yi godiya ya ce in bari, ramata ce take ba shi kunya.

A lokacin bakin rijiyar ya fara zubewa, ana bukatar siminti. Na sa kaina a gaba, duk mako in hau keke in tafi Tambuwal, ofis ofis, a ce in dawo mako mai zuwa. Na yi mako shida a haka ban gaya wa kowa ba, don a ganina ba abin faɗa, sai na samo simintin in zo da shi a gani. A bakin wata mai fura na ji abin da gari ke ciki. Wai Malam ya samu shugabanci ya yi tsani da shi, yana ta zarya ne don a mayar da shi birni. Na tsaya riƙe da ƙwarya na kasa sha. Ni da nake ƙona ƙafafuna saboda su. Na yi kwana biyu ina zaginsu a zuci kafin in gane cewa ba su yi mini ƙarya don mugunta ba. Sun ga mutum yana fita yana dawowa bai ce komai ba, suka nemo wa tafiyar dalili da kansu.

Na san za ki ce a makonni bakwai ɗin nan aiki kike yi. Na sani, ni shaida ne, na ga tuwonki yana sandarewa a kwano kina gaban kwamfuta. Amma mutumin Maraɗi bai ga tuwon ba. Shi dai ya zaɓe ki, kin ɓace. Don haka ki ware rana guda a mako, ki rubuta musu, ko da abin da za ki ce shi ne kin gwada abu kaza ya ƙi, kuma ba ki san dalili ba. Shugaban da ya ce bai sani ba, sau da yawa a nan take wani zai ce shi ya sani. Da na faɗa tun makon farko, ashe akwai wani a ƙauyen da surukinsa ke aiki a ofishin da nake ta zarya.

Da simintin ya iso kuma sai na sake yin wata wautar. Na zauna a ofishin hedimasta na buga sanarwa da tafireta, cikin Turanci, har da hatimin makaranta, na kafe ta a jikin tsamiya. Na ja da baya ina kallonta ina jin daɗi. Ranar aiki mutum bakwai suka zo, biyu daga cikinsu kallo ya kawo su. Da yamma na je gidan wani tsoho da ake kira Magaji ina huci, ina cewa mutanen garin nan ba su son ci gaba. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce:

"Malam, mu munka zaɓe ka, ba gwamnati ta kawo muna kai ba. Gayya da ƙafa aka kiranta, da goro, ka ishe mutum ƙofar gidanai ka gaishe shi. Takardarka ta gaida wa?"

Washegari na sayi goro na bi gida gida. Wuni biyu na yi ina zama a tabarmar mutane, ina jin labarin ciwon gwiwa da na akuyar da ta ɓace, ina ganin ɓata lokaci ne. Ranar aiki kuwa sai da kwandunan ɗibar ƙasa suka kasa mu. Kada ki ce ni ma ga shi takarda na rubuto miki. Da ƙafa na fara, har sau uku.

Mutanenki ba ma'aikatanki ba ne, Uwata. Wanda ya tashi daga wurin sana'arsa a gajiye ya zauna ya gyara muku rubutun manhaja, ba abin da yake samu sai a san ya yi. Ki yi musu sallama. Ki kira sunan wanda ya yi aiki. Kuma abin kunya ne a ce masu haɗa manhajar Hausa shugabarsu da Turanci take musu magana, alhali rabin zauren sai sun nemi mai fassara. Likitan da ke Turai ma Bahaushe ne, na ji muryarsa, ɗan Gusau ne ko kusa. Sannan wannan "an yanke shawara" da kika rubuta, wa ya yanke? Ke ce da mutum uku, na ji ku ta taga kuna magana a waya. In ke kika yanke, ki ce ke ce, ki faɗi su wa kuka zauna da su, ki faɗi dalili.

Amma duk waɗannan ƙanana ne, an gyara su da goro. Wanda bai gyaru ba shi ne na komi.

Ardo Buba da mutanensa sun gina komin shayar da shanu a gefen rijiyar nan. Da jakunansu suka ɗauko duwatsun daga nesa, shi da kansa ya jera su, yana alfahari da shi ƙwarai. Sai dai komin ya matse rijiyar. Shanu su tattake wurin ya zama caɓi, ruwan kashinsu ya riƙa komawa ciki, yara suna ta gudawa. Da damina, lokacin makiyaya sun janye daga gonaki kamar yadda suka saba, muka zauna a zaurena mu huɗu, ni da hedimasta da malamin asibiti da wani ɗan kasuwa, muna shan shayi. Kafin butar shayin ta huce mun gama magana, a rushe komi a gina sabo can nesa. Ɗan kasuwar ya ce ko a jira Ardo. Na ce a'a, in aka sa makiyaya ciki magana za ta yi tsawo. Inda suke a lokacin bai fi tafiyar rabin wuni a keke ba, ni da na saba zuwa Tambuwal duk mako.

Ki lura, shawarar daidai ce, gudawar yara ta tsaya. Sabon komin ma na siminti ne, ya fi tsohon kyau. Sai dai mun gina shi a yamma, inda dole shanu su ratsa tsakanin gonakin rogo biyu kafin su isa. Rogo kuwa yana nan a gona duk rani, ba a girbe shi tare da gero. Mu huɗu masu ilimi ba wanda ya lura. Makiyayi da ya kalli wurin sau ɗaya zai gani.

Bayan girbi suka dawo. Ba wanda ya tare su da labari, duwatsunsu suka tarar a zube gefen hanya. Cikin mako guda shanu sun shiga rogo sau biyu, har an ɗaga sanda. Aka kira taro a gindin tsamiya. Masu rogo na magana, makiyaya na magana, wani saurayi ya nuna ni da yatsa ya ce ni na haddasa. Raina ya ɓaci. Ina da wata ɗabi'a a lokacin, nakan zo taro da ƙararrawar makaranta ta hannu. Na miƙe na kaɗa ta da ƙarfi a kan dattawa masu furfura, kamar 'yan aji biyu ne a gabana, na ce an rufe wannan magana, ba mai sake tada ta. Aka yi tsit, ni kuma na ɗauka na yi nasara.

Ardo Buba ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce:

"Malam, ba komin nika ma kuka ba. Komi dutse na, ana ɗauko wani. Ni cewa nika tare muka aikin ga. Ashe kai muka wa."

Kwana uku bayan haka suka kwashe suka yi wajen Jabo. Ba wanda ya kore su, ba su kai ƙara ko'ina ba. Haka mai aikin sa kai yake tafiya, ba ya rigima, sai dai a duba a ga ba ya nan. Gayyar da ta biyo baya rabin hannuwan babu. Gonakin da suka saba samun taki suka yi fari. Da shekara ta zagayo aka sake zaɓe, ko mutum ɗaya bai ambaci sunana ba, ni ma ban ga laifinsu ba.

Da na ga kin kulle zaure, wallahi ƙarar ƙararrawar nan na ji a kunnena. Na san me ya sa kika yi. Wani ya ce miki kin samu kujera kin manta da talakawa, ya yi miki ciwo, ni ma ya yi mini, har na fara rubuta masa amsa mahaifiyarki ta ƙwace wayar. Amma mai zagin nan bai tafi ba tukuna, har yanzu aikin yana damunsa. Wanda ya kamata ki ji tsoro shi ne wanda ya ce ya gode wa kowa. Ki buɗe zauren, ki bar su su faɗi abin da ke ransu, ki karanta duka. Wanda ya yi ashar a ja masa kunne shi kaɗai, ba a rufe bakin jama'a saboda mutum ɗaya.

Na yi niyyar bin Ardo in ba shi haƙuri. Na ce bari a gama jarrabawa. Na ce bari rani ya wuce. Sau biyu ina sayen goro don tafiyar, yana bushewa a aljihun riga. A raina ina cewa ai ni ke da gaskiya, yara sun warke, shi ya kamata ya gane. Aka mayar da ni Tambuwal, aka haife ki, aka haifi ƙannenki. Shekara goma sha ɗaya. Wata ranar kasuwa ina taya rago sai na ji wasu makiyaya biyu na cewa Ardo Buba ya rasu, an yi kwana huɗu. A ranar na samu lokacin da na rasa shekara goma sha ɗaya, na hau babur na tafi gaisuwa.

Babban ɗansa Sambo ya gane ni, ya karɓe ni hannu biyu, ya shimfiɗa mini buzu. Bayan addu'a na fara kame-kame, ina so in ce wani abu game da komi. Ya ce in bari, ya san zancen. Ya ce:

"Baffa ya sha faɗin gaskiya gare ka, komin ga ya matse rijiya. Shi da kainai ya so shi yi maka maganar in mun dawo. Har wuri ya zaɓa, gabas, inda babu rogo. Ranin da munka taso kuwa, duk ya ji ƙarar keke sai shi tashi shi duba."

Ban iya shan nonon da aka kawo mini ba. Na dawo gida na kwanta, mahaifiyarki ta ɗauka zazzaɓi ne. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni, don ban rasa mutumin nan a kan wani saɓani ba. Ra'ayinmu ɗaya da shi. Tambayarsa ce kawai ban yi ba.

Ban san kan manhaja ba, Uwata. Mai yiwuwa ke ke da gaskiya, sashen Bello yana jan aikin baya, yana lalacewa duk lokacin da kuka sabunta wani abu, kamar yadda na ji kina gaya wa abokanki. Mai yiwuwa shi ma ya sani, ya fi ki sani, tunda shi ke ɗinke shi. Amma Bello wuni yake yi da wayoyin mutanen Sanyinna da Jabo a hannunsa, masu fasasshen gilashi da waɗanda aka ɗaure da roba. Ya san irin wayar da ke aljihun tsohuwar da kuka ce don ita kuke wannan aiki. Ku huɗu da kuka yanke shawara, wayar kowannenku ta fi ta hakimi. Ki tambaye shi me za a rasa in an cire, da yadda za a yi kada a rasa. In bayan kin ji shi har yanzu kina ganin a cire, ki cire, shugabanci naki ne. Sai dai ya ji daga bakinki, yana kallon idonki.

Motar da za ta kai ki Sakkwato jibi ta Dogon Daji za ta bi. Shagon Bello yana bakin hanya, na tambaya. Kada ki ce za ki kira shi in kin isa Kaduna kin huta. Can sabon aiki zai haɗiye ki, Juma'a ta zo ta wuce, ki riƙa cewa mako mai zuwa. Na san wannan hanyar, na bi ta har ƙarshenta.

Saura kaɗan jiya in je tasha in gaya wa direba ya tsaya da ke a can, in kuma aika wa Bello cewa kina tafe. Har na sa hula na kai ƙofar gida, sai na tsaya. Na ce kai tsoho, har yanzu ba ka daina ba, za ka sake yanke wa mutum shawara ba ka tambaye shi ba. Na koma na zauna. Don haka ban shirya komai ba, tambayarki nake yi. In kin yarda ki sauka, ni zan raka ki, in zauna a benci a waje har ku gama, in sa ki a wata motar. In kin ƙi, ba zan sake tada maganar ba, kuma ba zan fita daga zauren ba ko kowa ya watse. Ni ba ni da inda zan je, 'yata ce ke. Sauran kuwa ba su suka haife ki ba.

Allah ya tsare hanyarki, ya kare ki daga sharrin mota da na mutum, ya ba ki masauki na gari. Allah ya ba ki kunnen da ni ban samu ba sai da lokaci ya ƙure. Ya jiƙan wadda kike ɗauke da sunanta. Ya jiƙan Ardo Buba, ya sa ya yafe mini kafin mu haɗu.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
daga Tambuwal.